Wankin ciki da bai: yadda ake farfaɗo da motar da ta shekara a ajiye

A Maradi, Damagaram, Tahoua ko Yamai, da wuya mutum ya bi lungu biyar bai ga motar da ta zama ƴar gida ba. Tana fake ƙarƙashin dogon yaro, tayoyi sun sace, ƙura ta lulluɓe ta har yara sun rubuta sunayensu a gilashi, akuya kuma ta mai da inuwarta wurin kwana. Wata mai ita ne ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya. Wata ta gado ce, magada ba su daidaita ba. Wata kuwa ƙaramin abu ne ya tsayar da ita, aka ce gobe za a kira bakanike, goben ta zama shekara uku.

Yanzu idon masu irin waɗannan motoci ya fara komawa kansu. Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, hanyar tashar jiragen ruwan Kwatano, wadda ta nan ne yawancin motocin hannu ke shigowa ƙasar, ta toshe. Masu shigo da kaya sun koma Lome, su ratso Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada da kuma haɗari. Wanda ya je tayin mota ya ji kuɗi, sai ya tuna ashe akwai wata a tsakar gida. Bayan gareji, inda ake fara kai ta shi ne wurin masu wanki, kuma a nan ne wata ke dawowa hayyacinta, wata kuma a ƙarasa ta.

Wankin da ake nufi a nan ba irin na kullum ba ne, wanda yaro zai watsa ruwa, ya goga soso, ya tsane da tsumma cikin rabin awa. Wannan aikin kwana biyu ne ko uku. Ana kwance kujeru, a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a bi kowane saƙo da buroshi. Kuma abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo ba yawan kumfa ba ne. Sanin abin da ake fara yi ne, da abin da ake bari sai ƙarshe.

Kafin ruwa ya taɓa ta

Motar da ta daɗe a ajiye tana da masu haya. Kunama na son ƙarƙashin shimfiɗa da ramin tayar ko-ta-kwana, rina da zanzaro na gini a bakin ƙofofi, maciji ma kan samu mafaka kusa da inji. Shi ya sa tsofaffin hannu ba su zura yatsa inda ido bai gani ba. Sukan buɗe ƙofofi duka da murfin inji, su bar iska ta ratsa, su bubbuga da sanda.

Babban mai ɓarna dai shi ne kusu. Yana yagar soson kujera ya yi sheƙa, yana tara ƙwalama a cikin akwatin matatar iska, sannan yana gwaguyar wayoyin wuta. Don haka kafin a sa sabon batir, ya kamata mai gyaran wutar mota ya bi wayoyin da ido, domin waya ɗaya da ta zama tsirara ta isa ta tayar da gobara. Kashin kusu da fitsarinsa kuma ba abin sharewa a bushe ba ne. Ta wannan hanya ce zazzaɓin Lassa, wanda ke kashe mutane kowace shekara a Najeriya maƙwabciya, ke kama ɗan Adam. Abin da jami'an lafiya ke shawarta shi ne a rufe hanci da baki, a sa safar hannu, a jiƙa wurin da ruwan jabel da aka sirka, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, a jira ƴan mintoci, sannan a kwashe da tsumma a zubar. A yawancin wuraren wanki da ke bakin hanya, samari ne ke wannan aiki da hannu tsirara, wani lokaci ma su hura wurin da injin iskar masu faci, ƙurar ta tashi kowa ya shaƙa. Wannan ganganci ne, kuma kuɗin safar hannu bai kai na shayi da burodi ba.

Ƙurar hunturu ba gari ba ce

Idan aka zo jikin mota, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki busasshen tsumma a share ƙura don a ga launin fenti. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Fabrairu tana da laushi a hannu, amma a cikinta akwai ɓarɓashin rairayi da ya fi fenti tauri. Fentin kamfani hawa-hawa ne, kuma rufin da ke sama, wanda ba shi da launi amma shi ke ba da ƙyalli, kaurinsa bai kai na silin gashin kai ba. Duk shara ɗaya a bushe kamar an bi shi da takardar goge katako ce. Zanen nan masu zagaye da ake gani a baƙar mota idan rana ta haska ta, daga nan suke.

Don haka ruwa ake fara sakar mata, daga rufi zuwa ƙasa, har sai laka ta jiƙa ta zube da kanta. Sannan a zo da bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, don kada rairayin da aka kwaso daga ƙofa ya koma kan murfin inji. Soson taya daban, na jiki daban. Kuma a inuwa ake yi, ko da sassafe. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maradi da Tahoua, ƙarfen mota kan ɗauki zafin da zai busar da kumfa kafin a ɗauraye, ya bar tabon da sai an sha wuya kafin ya fita.

Sai maganar Omo. Kusan kowa da shi yake wanki, domin shi ne a kusa kuma shi ne mai araha. Ga motar da ta shekara cikin datti, wanki ɗaya da shi ba zai kashe ta ba, har ma yana taimakawa wajen cire tsohon maiƙo. Matsalar ita ce a mai da shi na kullum: yana kwashe kakin da ke kare fenti, yana busar da robobin bakin gilashi, kuma garinsa da bai narke ba yana karce jiki. Sabulun ruwa na mota yana samuwa a shagunan kayan gyara, marfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti.

Akwai tabon da sabulu ba ya iyawa. Kwaltar da ta fantsamu a gefen ƙofa tana narkewa da ɗan kananzir a tsumma, a wanke wurin nan take. Kashin tsuntsu da na jemage, da ƙaron itacen da motar ta fake a ƙarƙashinsa, idan sun yi watanni suna gasuwa a rana, sukan ci rufin fentin su bar rami. A nan sai injin goge fenti, wanda aikinsa shi ne ya ɗan kankare saman rufin har ya daidaita. Ke nan duk gugar da aka yi, an rage wani abu da ba ya dawowa. Wanda ya danna injin a wuri ɗaya, musamman a kan kusurwa, zai ƙone fenti cikin ƙiftawar ido. Idan kuwa rufin ya riga ya fara ɓarewa kamar fatar albasa, kamar yadda ake gani a saman tsofaffin Corolla da Starlet na haya, babu man da zai gyara shi. Mai gaskiya zai ce a kai wa mai fenti.

Fitilun gaba da suka yi rawaya ba ƙawa kaɗai suke ragewa ba, haske suke ragewa, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa da dare, inda amalanke da dabbobi ke fitowa ba fitila, ya san darajar hasken. Ana gyara su da takardar guga mai laushi da ruwa, daga lamba 1000 zuwa 2000 ko 3000, a goge da mai, sannan a shafa abin kariya daga rana. In ba a shafa ba, cikin ƴan watanni rawayar za ta dawo.

Cikin mota, inda ake asarar kuɗi

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. An saba ganin mai wanki ya buɗe ƙofa ya saki tiyo a kan kujeru da shimfiɗar ƙasa. A tsohuwar Peugeot 504 wannan bai cika zama matsala ba, domin babu abin da ke ƙasanta sai ƙarfe. Motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau ba haka suke ba. Ƙarƙashin shimfiɗa akwai damin wayoyi, ƙarƙashin kujeru akwai mahaɗan wuta, kuma a motoci da yawa ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa jakar iskar kariya tana tsakanin kujerun gaba, dab da ƙasa. Ruwa ya shiga yau, mota ta tashi lafiya, mai ita ya biya ya tafi. Bayan wata biyu tsatsa ta ci mahaɗan, fitilu su fara kunna kansu a tablo, gilashi ya ƙi sauka, kuma babu wanda zai tuna da ranar wanki.

Hanyar da ta dace ita ce a cire kan batir, a jira ƴan mintoci, sannan a kwance kujerun a fito da su. A zuƙe ƙura da inji tun tana busasshiya, domin ƙurar da ta sha ruwa laka ce, kuma laka cikin yadi take shigewa. Shimfiɗar ƙasa a ciro ta a wanke a waje, a shanya. Ƙarƙashinta akwai wani kauri kamar bargo da ke riƙe ruwa kwana da kwanaki. Ko a zafin bazara sai an ba shi lokaci, balle da damina. Wanda ya matsa a ba shi motarsa da yamma, shi zai zauna da warin ruma.

Kujerun yadi ana fesa musu ruwan sabulu kaɗan, a goga da buroshi, a tsotse, a maimaita. Tabon goro, na shayi da na man gyaɗa kowanne da taurin kansa, kuma wanda ya shekara ba lalle ya fita duka ba. Na fata kuwa, da zafin rana ya busar, sabulu mai laushi da man fata suke so. Rufin sama ba a jiƙa shi ko kaɗan, domin yadin manne yake da wani siririn soso da zafi ya riga ya cinye, yana jin ruwa zai saki ya rufto kan fasinja. Bel ɗin kujera kuma a jawo shi duka, a wanke da sabulu kawai, a bar shi ya bushe kafin ya koma. Jabel yana raunana zarensa, raunin da ba a gani sai ranar haɗari.

Wata al'ada da ta zama ruwan dare ita ce shafa gazuwal ko baƙin mai a tablo, tayoyi da inji don su yi sheƙi. Suna yi kuwa, na kwana ɗaya. Washegari ƙura ta manne, roba kuma ta fara lalacewa. Mafi muni shi ne a shafa man sheƙi a sitiyari ko a kan abin taka burki, inda santsi ke iya jawo asarar rai.

Wari ma ba a kashe shi da turare. Idan an wanke komai amma da an kunna na'urar sanyi sai ɗoyi ya taso, to a duba matatar iskar cikin mota, wadda a yawancin Toyota take bayan ƙaramin akwatin da ke gaban fasinja. Sau da yawa nan kusu ya yi ɗaki. A duba kuma magudanar ruwan da ke ƙasan gilashin gaba, domin busasshen ganyen dogon yaro kan toshe ta, ruwan sama ya rasa hanya ya gangaro ƙafar direba.

Duk wannan aiki ruwa yake ci, kuma a Damagaram, inda ƙarancin ruwa tsohon ciwo ne kuma unguwanni da dama ke dogaro da ƴan ga-ruwa a lokacin zafi, kowace jarka da lissafinta. Mai bokiti biyu ya fi mai sakin tiyo tattali nesa ba kusa ba. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne inda dattin ke zuwa: ruwan wankin inji, da maiƙonsa da gazuwal ɗinsa, yawanci kan titi ko cikin kwata yake ƙarewa.

Mai saye ya buɗe ido

Wankin da ke farfaɗo da mota shi ne kuma ke iya rufa mata asiri. Daminar 2024 ta zo da ambaliyar da ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin ƙasar, jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma a ƙarshen watan Agusta ruwa ya mamaye unguwanni a cikin birnin. Motoci ma sun sha. Motar da ruwa ya kai wa kujera, idan ta samu gwanin wanki, za ta fito tana ƙamshi kamar ba ita ba, alhali wutarta ta riga ta kamu da ciwon da zai riƙa fitowa kaɗan-kaɗan.

Akwai wuraren da soso bai cika kaiwa ba. Mai saye ya jawo bel har ƙarshe ya ga ko akwai layin laka. Ya leƙa ƙarƙashin kujera ya dubi dogayen ƙarafan da take gudu a kai da kusoshinsu, ko sun yi tsatsa. Ya ɗaga tayar ko-ta-kwana ya shafa ramin. Ya rufe gilasai, ya bar motar a rana na ɗan lokaci, sannan ya buɗe ya shinshina. Turaren da ya yi yawa shi ma abin tambaya ne, haka injin da aka wanke tas ana gobe ciniki, domin yoyon mai ba ya nunawa a inji mai tsabta sai an yi tafiya.

Tayoyi ma suna da takardar haihuwarsu a jiki. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2316 an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2016. Ko da zanenta bai cinye ba, ko da an shafe ta ta yi baƙi wuluk, tayar da ta yi shekaru tana tsaye a rana da nauyin mota a gefe ɗaya ta riga ta tsattsage, kuma zafin kwaltar hanyar Konni zuwa Dosso ba ya raga wa irinta. Ita da tsohon man da ya kwana a tanki, da ruwan burki, da baƙin mai, duk aikin bakanike ne, kuma kuɗinsu daban yake da na mai wanki.