Karmener: Irin Inabin da Ya Ɓace a Faransa Aka Gano Shi a Chile

Karmener wani tsohon irin baƙin inabi ne da ake yin jar giya da shi. Asalinsa yankin Bordo ne, a kudu maso yammacin Faransa, kuma sunansa ya samo tushe daga kalmar Faransanci mai nufin ja wur, saboda yadda ganyensa yake rinewa idan kaka ta yi.

Wajen 1863 wani ɗan ƙwaro da ake kira filoksera ya shigo Faransa daga Amurka. Shi wannan ƙwaro saiwa yake tsotsa har kurangar ta bushe, ya kuwa halaka gonaki masu ɗimbin yawa. Maganin da aka samu shi ne aure, watau a ɗaura reshen inabin Turai a kan gindin na Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro. Amma da aka zo sake dashe, sai manoman Bordo suka juya wa Karmener baya, domin furensa yakan zube idan sanyi da ruwan sama suka riske shi, amfani ya ragu. Sannu a hankali har aka ɗauka ya ƙare.

Ashe tun tsakiyar ƙarni na 19 attajiran Chile sun sayo rassan inabi daga Bordo, da shi a ciki. Ƙasar tana da hamadar Atakama daga arewa, da duwatsun Andis daga gabas, da teku daga yamma, ƙwaron kuma bai sami shiga ba. Sai dai manoma sun rikita shi da wani iri, Merlo, suna tsinke su tare. To, Karmener yana bayan Merlo da makonni wajen nuna, saboda haka giyar takan fito da warin ɗanyen tattasai.

A 1994 ne wani masanin inabi Bafaranshe, Jean-Michel Boursiquot, ya duba ganye da furen kurangar a wata gona a kwarin Maipo, ya tabbatar Karmener ne. Hukuma ta amince da sunan a 1998. Daga nan aka ware masa gonakinsa a wurare masu ɗumi, ana jinkirta tsinkarsa, har Chile ta fi kowace ƙasa nomansa.

Abin lura a nan shi ne, iri yana iya salwanta alhali yana tsaye a gona, muddin babu wanda ya san sunansa da halinsa.