Sifa da Abin da Ta Ke Siffantawa: Bango Mai Falle-Falle a Manhajar Zanen Gini

Tun da gwamnatin Birtaniya ta wajabta, daga shekarar 2016, a riƙa tsara gine-ginenta cikin samfurin kwamfuta mai ɗauke da bayani, sai wannan hanya ta yaɗu cikin makarantun koyon gini. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bayyana matsala guda wadda ke rikita ɗalibai, watau inda ya kamata a rataya bayanin da mai zane ya ƙirƙiro da kansa. Mai nazarin harshe zai ga cewa matsalar ba baƙuwa ba ce a gare shi.

Bango a manhaja irin Revit ba layi biyu ba ne kawai. Abu ne mai falle-falle: a ce bulo mai inci 9 a tsakiya, filasta ciki da waje, sa'an nan fenti. Magina na gargajiya sun san wannan tun da daɗewa, gama suna bambanta tubali da yaɓe da makuba. Kowane falle manhajar tana tambayar aikinsa, da kayan da aka yi shi, da kaurinsa. Amma in mai zane ya so ya ƙara wata sifa tasa, misali farashi ko ranar gini, sai ya tarar fallen kansa ba shi da gurbin karɓarta. Dole ya zaɓi ɗaya daga cikin wurare uku.

Na farko shi ne irin bangon, wanda ya yi daidai da suna gama-gari a nahawu. Abin da aka rubuta a nan ya hau kan kowane bango na irin nan. Daɗewar bango kafin wuta ta ci shi a nan ta ke zama, domin ba bulo kaɗai ke jure wuta ba, haɗuwar fallayen ce.

Na biyu shi ne bango guda da ke tsaye a wuri guda, kamar sunan yanka. Ranar da aka gina shi, ko sunan wanda ya duba aikin, nan ne muhallinsu.

Na uku shi ne kayan ginin, kamar filasta. Nan ne wurin da ya fi kusa da falle, nan ne kuma a ke yawan tuntuɓe. In an rubuta wa filasta farashin aikin bene na biyar, to, duk bangon da ke da wannan filasta, har na ƙasa, ya ɗauki farashin nan, lissafin kuɗin ginin kuwa ya ɓaci ba tare da kowa ya lura ba. Magani shi ne a raba kayan gida biyu da suna dabam-dabam, ko kuwa a umurci manhajar ta tsage bangon, kowane falle ya zama yanki mai zaman kansa wanda za a iya ba shi sifa.

Saura batun suna. Ofis biyu suna iya ƙirƙiro sifa, kowanne ya kira ta "farashi", amma Revit ba ta duba kalmar, lambar ɓoye da ta ba kowace sifar tarayya ta ke dubawa. Saboda haka in an haɗa aikinsu, sai a ga sifa biyu masu suna ɗaya, kamar yadda "gari" na zama da "gari" na tuwo su ke a rubuce. Don rage irin wannan ruɗu wajen musayar aiki tsakanin manhajoji ne aka kafa ƙa'idar IFC, wadda ta zama ISO 16739 a 2013. Ta tanadi jerin sifofi sanannu na bango, kamar ko yana ɗaukar nauyi, ko na waje ne, ta kuma keɓe ɗafa-goshin Pset_ ga nata jerin, ta bar wa mai zane ya raɗa wa nasa wani suna.

Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai da za su koyar da wannan da Hausa ita ce su tsai da kalmomi huɗu tun darasin farko, kada su sauya su: iri, guda, falle, kaya. Sa'an nan, kafin ɗalibi ya rubuta kowace sifa, a yi masa tambayar da mu ke yi a ajin nahawu: wannan sifa, wane suna ta ke siffantawa?