Dragon Quest: Gem ɗin dodanni da ake ci da haƙuri da lissafi, ba da saurin yatsa ba

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko unguwannin 'yan Arewa na Fatakwal, ya san abin da ya fi tashe a wurin: ƙwallo, harbe-harbe, sai tseren mota. Ihu ake yi ana danne-danne, wanda ya fi saurin yatsa shi ke da nasara. To amma akwai wani nau'in gem da za ka ga yaro ya ƙura wa waya ido shiru, ga ƙaton dodo ya tsaya a gabansa, amma ko a jikinsa. Yana karanta rubutu, yana tunani, can sai ya danna sau ɗaya. Iyaye da dama kan tambaya, wai shin wannan wane irin wasa ne, kuma me ke cikinsa?

Hanya mafi sauƙi ta amsa wannan tambaya ita ce mu ɗauki wanda ya yaɗa wannan salo a gidajen mutane, wato Dragon Quest na ƙasar Japan, wanda ya fara fitowa ranar 27 ga Mayun 1986 kuma har yau ana fitar da sababbinsa.

Mene ne wannan nau'in gem?

Masu harkar na kiransa RPG a taƙaice. Ma'anarsa wasan da mai bugawa ke shiga rigar wani jarumi a cikin labari: ya yi tafiya gari zuwa gari, ya yi magana da mutane, ya sayi makami, ya yi faɗa, ƙarfinsa na ƙaruwa sannu a hankali. Asalin abin ba a kwamfuta yake ba. A 1974 ne aka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir da ɗan ludo mai fuska da yawa. Daga nan ne masu kwamfuta suka ɗauka.

Kalmar farko a sunan, Dragon, wata halitta ce ta tatsuniyoyin Turai da Asiya, mai jikin maciji ko ƙaton ƙadangare, wani lokaci da fuka-fuki, tana feshin wuta ta baki. A nan za mu riƙa ce mata dodo. Quest kuwa fita ce neman wani buri mai wuyar samu.

Faɗan karɓa-karɓa

Abin da ya raba wannan gem da na harbe-harbe shi ne tsarin faɗansa. Karɓa-karɓa ake yi, kamar dara ko ludo: ka yi naka, abokin gaba ya yi nasa. Muddin ba ka danna komai ba, dodon zai tsaya yana jiranka, ko da za ka je ka yi salla ka dawo.

A Dragon Quest na farko zaɓi huɗu ne ke gabanka a kowane zagaye: ka kai sara, ka yi sihiri, ka yi amfani da wani abu daga jakarka kamar ganyen magani, ko ka ranta a na kare. Akwai lambobi biyu da ido ba ya barin kansu. Ta farko HP, ma'aunin sauran ranka ke nan, in ta kai sifili ka faɗi. Ta biyu MP, ita ce kuɗin da kake biya duk lokacin da ka yi sihiri.

Bari mu yi misali. A ce ranka 40 ne, na dodo 50. Duk saran da ka kai kana rage masa 12, shi kuma duk bugunsa yana rage maka 15. Sai ka sare shi sau biyar kafin ya faɗi, alhali kai bugu uku ya ishe ka. Ka ga ke nan in ka ce za ka tsaya gaba da gaba, ka riga ka sha kaye tun kafin a fara. Dole ka yi dabara. Za ka sa masa sihirin barci ne, wanda yana iya kamawa yana iya ƙi? Za ka ɓata zagaye ɗaya ka sha magani? Ko za ka gudu, ka koma gari ka sayi sulke mai kauri, ka dawo wata rana? Wannan lissafin shi ne gem ɗin gaba ɗaya. Shirun da ka ga yaro ya yi, abin da yake yi ke nan.

Mutum uku da kaset mai kilobayit 64

Wanda ya ƙirƙiro wasan shi ne Yuji Horii, marubuci da ke rubuta shafin gem a mujallar zane ta Weekly Shonen Jump. Shi da wani matashin mai tsara manhaja, Koichi Nakamura, sun haɗu ne ta gasar da kamfanin Enix ya shirya a 1982. Dukkansu sun kamu da son wasu gem biyu na Amurka, Wizardry da Ultima, amma waɗannan na kwamfuta ne masu wahalar fahimta, sai 'yan tsirarun masu naci ke iya su. Burin Horii shi ne ya sauƙaƙa abin har yaron firamare ya iya bugawa a na'urar Famicom ta Nintendo, mai maɓallan bugawa biyu kacal.

Zanen jarumai da dodanni ya faɗa hannun Akira Toriyama, mai Dragon Ball. Duk yaron da ya san Goku zai gane hannun nan take. Shi ne ya mayar da dodon farko da ake haɗuwa da shi, Slime, ya zama wani ɗan ɗigon ruwa shuɗi mai murmushi, wanda yanzu shi ne tambarin gem ɗin. Kiɗa kuma Koichi Sugiyama ne ya tsara, dattijon da ya riga ya yi suna a kiɗan talabijin da fina-finai. Yadda aka same shi ma abin dariya ne: katin jin ra'ayin masu saye ya cike ya aika wa Enix kan wani gem ɗin darar Japan, ma'aikata suka ga sunan suka neme shi.

Duk wannan aiki a cikin kaset mai kilobayit 64 aka cusa shi. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka wannan sau da yawa. Saboda ƙarancin wuri, kaset ɗin Japan ba ya ajiye inda ka tsaya. In za ka tashi, sai a ba ka wasu haruffa 20 ka kwafa a takarda, gobe ka shigar da su. Ka kuskure harafi ɗaya, wahalar jiya ta tafi a banza.

Dabarar da ta riƙe mutane

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. A ƙasar Alefgard wani sarkin dodanni, Dragonlord, ya sace ƙwallon haske, an kuma sace gimbiya an ɓoye ta a kogo, koren dodo na gadinta. Sarki ya kira ka ya ba ka 'yan kuɗi da tocila da mabuɗi. Da ka fito daga fada, ga gidan Dragonlord can tsallaken ruwa kana hangen sa, amma ba hanyar ƙetarawa. Sai ka zagaye ƙasar kaf kafin ka isa. Tun daga minti na farko ka san inda za ka, saura yadda za a yi.

Babbar dabarar Horii tana wajen faɗuwa. A gem da yawa na wancan zamani, in ka mutu ka koma farko. A nan kuwa sai ka farka a gaban sarki, ya ɗan yi maka faɗa, an kwashe rabin kuɗinka, amma duk makin gogewar da ka tara yana nan. Kowane dodo da ka kayar yana ƙara maka maki, in makin ya kai wani adadi ka hau mataki na gaba, ƙarfi ya ƙaru. Ma'ana ko mutum bai da wayo sosai, in dai yana da naci zai kai ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa. Hatta taswirar ƙasar malama ce: duk lokacin da ka haye gada, dodannin tsallake sun fi na baya ƙarfi, don haka kai da kanka za ka gane ko ka isa ko ba ka isa ba.

A ƙarshe, in ka isa gaban Dragonlord, ba faɗa yake fara yi ba. Tayi yake maka: ka haɗa kai da shi ya ba ka rabin duniya. In ka amsa, a kaset ɗin asali allo ya yi duhu, tafiyarka ta ƙare a nan. Wannan tambaya ta shahara har a 2016 aka yi wani gem daban, Dragon Quest Builders, kan yadda duniya ta lalace bayan jarumin ya karɓi tayin.

Ranar da 'yan makaranta suka gudu daga aji

Na farko ya sayar da kusan kwafi miliyan ɗaya da rabi a Japan. Na biyu a 1987 ya kawo tawagar mutum uku. Na uku, wanda ya fito ranar 10 ga Fabrairun 1988, ya ba da damar tafiya da mutum huɗu, kowa da sana'arsa: soja, mai sihiri, mai warkarwa, ɗan kasuwa. Ranar Laraba ce, amma layi ya cika titunan Tokyo, an sayar da fiye da miliyan ɗaya a yini guda, 'yan sanda kuma suka kama ɗaruruwan ɗalibai da suka tsere daga makaranta. Daga nan aka samu jita-jitar wai gwamnatin Japan ta kafa dokar hana fitar da Dragon Quest a ranar aiki. Ba wata doka. Kamfanin ne da kansa ya koma fitarwa a ƙarshen mako.

A Amurka sai a 1989 ya shiga, da sunan Dragon Warrior saboda wani ya riga ya yi rajistar suna mai kama da na asalin. Enix ya haɗe da abokin hamayyarsa Square, mai Final Fantasy, a 2003, suka zama Square Enix. Na 11 ya fito a 2017 yana nan da faɗansa na karɓa-karɓa, an kuma sake gina na uku a 2024. Jimillar abin da aka sayar ya haura kwafi miliyan 80. A bikin buɗe gasar Olamfik ta Tokyo a Yulin 2021, da taken Dragon Quest aka fara shigowar 'yan wasa. Sugiyama ya rasu a Satumbar wannan shekara yana da 90, Toriyama kuma a Maris ɗin 2024 yana da 68.

Abin da ya kamata iyaye su sani

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Da yawa daga cikin tsofaffin Dragon Quest suna nan a wayar Android da iPhone, na biya sau ɗaya ne, kuma da Turanci suke. Alherinsa a fili yake: ba a cin gaba sai an karanta abin da mutanen gari ke faɗa, ana lissafi, ana tattalin kuɗi, ana koyon cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ban da na 10, wanda na intanet ne, akasarinsu mutum ɗaya ke bugawa, ba hira da baƙin da ba a sani ba.

Amma fa akwai abubuwa huɗu da bai kamata a rufe ido a kansu ba.

Na ɗaya, lokaci. Tsarin nan na kullum ana ƙaruwa kaɗan-kaɗan shi ne ke sa a kasa ajiyewa. Na farko ana iya gama shi cikin awa goma ko makamancin haka, amma na 11 yana cin awa 60 zuwa sama. Daɗin abin shi ne, tunda dodo na jira, yaro ba shi da hujjar cewa ba zai iya tashi ba in an kira salla ko lokacin Islamiyya ya yi.

Na biyu, aƙida. Duniyar gem ɗin cike take da sihiri da aljanu da wata allahiya ta ƙirƙira. Daga na huɗu zuwa gaba, a coci ake ajiye inda aka tsaya, kuma limamin cocin ne ke tayar da abokin tafiya da ya mutu in an biya shi. Ƙagaggen labari ne, amma uba ya sani, ya zauna da ɗansa ya bambance masa, in akwai shakka a tambayi malamai.

Na uku, caca. Da yawa daga cikinsu suna da gidan caca a ciki, da injin ja da karta. Da kuɗin gem ake yi, ba naira ba. Sai dai mu da ke zaune a garuruwan da shagon caca ke kowace kwana, mun san ba ƙaramin abu ba ne yaro ya saba da wannan ɗanɗano. Ana iya gama labarin ba tare da zama a teburin caca ba. A kuma kula da gem na kyauta masu kama da wannan, waɗanda ke sayar da akwatin sa'a da kuɗin gaske. Waɗannan su ne masu cinye kuɗin asusu.

Na huɗu, shekaru. Hukumar tantance gem ta Turai ta sa wa na 11 shekara 12 zuwa sama, ta Amurka ta ce na matasa ne, saboda akwai giya da shigar wasu mata da barkwancin manya jefi-jefi. Kuma ba kowane gem mai dodo da karɓa-karɓa ne na yara ba. Baldur's Gate 3, wanda ya lashe kambun gem na shekarar 2023, na 'yan 18 zuwa sama ne zalla. Lambar shekarun tana rubuce a jikin kwali ko a shafin saukewa, duba ta ba ya cin minti ɗaya.

In ka ga ɗanka ya yi shiru gaban dodo, kafin ka ƙwace wayar ko ka ƙyale shi, matsa kusa ka tambaye shi sunan gem ɗin, nawa ne ransa, me yake shirin dannawa, kuma don me. Daga amsarsa za ka gane ko lissafi yake koyo ko lokaci yake ƙonawa, sannan ku yanke awa nawa zai riƙa yi a mako.