Yadda Ake Ƙiyasta Kwanakin Hayar Tarakta da Buldoza

Gabatarwa

Ƙungiyoyin manoma sukan yi hayar tarakta domin huɗa, ko buldoza domin share sabuwar gona da haƙa tafki. Yawanci sa'o'in aiki kaɗai ake lissafawa, a bar lokacin jigila da kulawa da gyara. Sai wa'adi ya cika aiki bai ƙare ba, kuɗin haya ya ƙaru, shuka kuma ta makara. Ya kamata malamin gona ya taimaka wa manoma su fitar da wannan lissafi kafin a ƙulla yarjejeniya.

1. Lokacin aiki

A ninka faɗin garma (a mita) da gudun tarakta (kilomita a sa'a), a raba da 10. Amsar ita ce hektar da za a nome a sa'a ɗaya. Daga nan a cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda juyawa a bakin gona da tsaye-tsaye. Misali, garma mai faɗin mita 1 a gudun kilomita 6 za ta ba da hekta 0.6, bayan cirewa ta koma 0.45. Gona mai hekta 36 za ta ci sa'o'i 80 ke nan. Aikin buldoza kuwa ya danganta da yawan itatuwa da taurin ƙasa, don haka a auna abin da ta yi a ranar farko a yi lissafi da shi.

2. Lokacin jigila

Tarakta kan tafi da ƙafarta, amma gudunta a kan titi bai cika wuce kilomita 30 a sa'a ba. Buldoza sai an ɗora ta a kan tirela, domin doguwar tafiya tana cinye sarƙarta, tana kuma ɓata kwalta. A lissafa lokacin lodi da saukewa, da zuwa da komawa. A duba hanya tun da wuri, musamman ƙananan gadoji da wuraren da ke caɓewa da damina.

3. Lokacin kulawa

A ware sa'a ɗaya kowace safiya domin duba baƙin mai da ruwan lagireto, sanya giris, ɗaure kusoshi da share matatar iska. Lokacin hunturu ƙura tana saurin toshe matatar, saboda haka a riƙa duba ta akai-akai. Injuna da dama ana canza masu baƙin mai bayan sa'o'i 250, wasu kuma 500, gwargwadon abin da littafin injin ya nuna. A karanta agogon sa'o'in injin ranar da aka karɓe shi, a san ko juyen mai zai faɗo cikin kwanakin haya.

4. Lokacin gyara

Sau da yawa jiran bakanike da kayan gyara ya fi gyaran kansa cin lokaci. A tambayi mai injin shekarun injin da inda ake samun kayansa. A tanadi bel da matatar mai da kayan faci a gona. A cire kututture kafin huɗa, domin shi ke fasa taya da karya garma.

Haɗa lissafi

Sa'o'i 80, a kan sa'o'i 8 a rana, kwana 10 ne. A ƙara kwana 2 na jigila, 2 na gyara, 1 saboda ruwan sama. Jimla kwana 15. Idan ana son shuka ranar 15 ga Yuni, dole injin ya taso kafin ƙarshen Mayu.

Kammalawa

A rubuta a yarjejeniya ko da sa'a za a biya, ko da hekta, ko da kwana. A fayyace wanda zai ɗauki nauyin jigila da man gas da gyara, da kuma ko za a biya kuɗin ranar da injin ya lalace. Domin ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa.