Alamomin Ciwon Sukari Da Ke Ɓoye A Cikin Jini

Tun zamanin da, masu magani a ƙasar Indiya sun lura da cewa tururuwa kan taru a kan fitsarin wasu marasa lafiya. A shekarar 1776, wani likita a Ingila mai suna Matthew Dobson ya ƙafar da irin wannan fitsari, sai ya tarar da sukari ya kwanta a ƙasan mazubin. Daga nan sukari ya zama babbar shaidar cutar. Matsalar ita ce, a nau'i na biyu na ciwon sukari, wanda ya fi kama manya, jiki kan yi shekaru yana bijire wa sinadarin insulin kafin sukari ya hau a jini. Shin akwai wata alama da ke riga sukari bayyana?

Ƙidayar Sinadaran Jini

Duk abin da mutum ya ci, jiki yakan farfasa shi zuwa ƙananan sinadarai, kamar sukari da kitse iri-iri da amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su. Waɗannan sinadarai, da masana ke kira metabolait, dubbai ne a cikin jini. Gwajin asibiti na yau da kullum 'yan kaɗan yake aunawa, amma a yanzu akwai hanyar auna ɗaruruwa a lokaci guda.

Da farko akan daskarar da ruwan jini a cikin matsanancin sanyi don kada ya lalace. A ɗakin gwaje-gwaje, sai a tura shi ta wani siririn bututu mai riƙe wasu sinadarai fiye da wasu, ta yadda za su fito bi da bi. Daga nan wata na'ura ta auna nauyin kowane ɗaya da yawansa. Da yake na'urorin suna da tsada, kuma sai ƙwararru ke sarrafa su, masu bincike da yawa kan aika samfurinsu zuwa cibiyoyi na musamman da ke yi musu wannan aiki.

Darasi Daga Framingham

A garin Framingham na jihar Massachusetts a Amurka, an soma bibiyar lafiyar mazauna tun 1948, aka kuma shigar da 'ya'yansu a 1971. A shekarar 2011, Thomas Wang da Robert Gerszten da abokan aikinsu suka bayyana sakamakon nazarin jinin da aka adana. Cikin mutum 2,422 da ba su da cutar a farko, 201 sun kamu da ita a tsawon shekara 12. Da aka kwatanta tsohon jininsu da na takwarorinsu da ba su kamu ba, sai aka ga amino asid biyar sun yi yawa tun da wuri: losin da aisolosin da balin da tairosin da fenilalanin. Bisa ma'aunin uku daga cikinsu, haɗarin kamuwar waɗanda ke rukunin sama ya ninka na rukunin ƙasa fiye da sau biyar. An sake ganin wannan alaƙa a wani bincike a birnin Malmo na ƙasar Suwidin.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, aikin insulin bai tsaya ga sukari ba. Yana kuma taimaka wa tsoka ta kwashe amino asid daga jini. In jiki ya daina sauraronsa, sai su taru. Don haka sakamakon ba umarni ba ne na a guji nama ko wake.

Abin Lura

Wannan ƙidaya ba ta maye gurbin gwajin sukari a asibiti ba. Haka kuma, galibin mutanen Framingham da Malmo Turawa ne, alhali cimaka da gado suna tasiri a kan sinadaran jini. Kafin a dogara da waɗannan alamomi a Afirka, wajibi ne a gwada su a jinin mutanenta.

Amfanin gane haɗari da wuri kuwa a fili yake. Wani babban gwaji a Amurka, wanda aka bayyana a 2002, ya nuna cewa rage ƙiba da motsa jiki sun rage kamuwa da cutar da kashi 58 cikin ɗari a tsakanin masu haɗari. Duk shekarar da gargaɗi ya riga cuta zuwa, dama ce ta kare ido da ƙoda da ƙafa daga ɓarnarta.