Abin da ya kamata ku sani game da ajo da tattakin yaƙi da sankarar mama

Da zarar watan Oktoba ya kama, za ku fara ganin hotunan a waya: mata da maza cikin riguna ruwan hoda, suna tattaki a titunan Abuja ko Legas, mota ɗauke da lasifika tana biye da su. Wani lokaci kuma katin gayyata ne za a turo muku, wai za a yi wasan mawaƙa don tara wa masu tattakin kuɗi. Mutumin unguwar Lamisula a Maiduguri da ke fama da cefane da kuɗin makarantar yara ba laifinsa ba ne in ya tambaya: me ya haɗa ciwo da kiɗa da tafiyar ƙasa? Ga amsar, daki-daki.

Mece ce sankarar mama?

Ita ce wasu ke kira ciwon dajin nono, wasu su ce kansar mama. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu haihuwa da mutuwa bisa tsari. In wasu daga cikinsu a nono suka bar tsarin, suka yi ta hayayyafa ba tsayawa, sai su dunƙule su zama ƙullutu. In an bar shi, ya tsallaka zuwa kaluluwar hammata, daga nan ya kai ƙashi ko huhu ko hanta.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano ciwon a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a duniya, ya kuma kashe kimanin 670,000. A Najeriya, a wannan shekarar, an ƙiyasta sabbin masu ciwon sun haura 32,000, waɗanda suka rasu sun haura 16,000. Shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata a ƙasar nan. Maza ma yana kama su, sai dai ba su wuce ɗaya cikin ɗari na masu ciwon ba.

Ba a ɗaukarsa a wajen mai shi, ko da kwano ɗaya kuke ci. Ba sammu ba ne, ba kuma ajiye kuɗi a rigar mama ke kawo shi ba. Kusan rabin matan da ya kama ba a samu wani dalili a tare da su ba, in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru da suka fara ja.

To me ya kawo tattaki da kiɗa cikin maganar?

Kuɗi ne ya kawo su, da kuma neman a ji. Al'adar daga Amurka ta taso. Wata mata mai suna Susan Komen ta rasu da wannan ciwo a 1980, sai 'yar'uwarta Nancy Brinker ta kafa gidauniya da sunanta a 1982. Shekara guda bayan haka suka shirya tseren farko a birnin Dalas, mutum kusan 800 suka fito. A 1985 aka fara keɓe Oktoba don wayar da kai, a farkon shekarun 1990 kuma ƙyallen nan ruwan hoda ya zama alamar yaƙin.

Daga baya aka ɓullo da tattakin kwana uku, mai nisan mil 60, wato kusan kilomita 97. Ya zarce nisan Maiduguri zuwa Bama. Kuma ba haka kawai mutum zai ɗaura takalmi ya shiga ba: an yi shekara da shekaru ana sharɗanta wa kowane mai tattaki ya tara aƙalla dala 2,300 kafin ranar. Wannan ya sa suke haɗuwa ayari-ayari, 'yan gida ɗaya ko abokan aiki ko maƙwabtan wata da ta rasu. Ayarin ne ke neman mawaƙa su yi wasa kyauta, a sayar da tikiti, abin da aka samu a zuba a asusun gidauniya da sunan ayarin. Kenan kuɗin ba na masu tattaki ba ne. Su 'yan aike ne kawai.

In kun lura, babu wani baƙon abu a nan. Ajo ne. Tun kakanni, in wani ya shiga matsi ko hidima ta taso masa, akan kira makaɗa, a sa rana, jama'a su taru, kowa ya fito fili ya ajiye abin da ya sawwaƙa, maroƙi yana shela. Bambancin kawai shi ne ajo na mutum ɗaya ne da kowa ya sani, wannan kuwa sau da yawa ana yi ne don matan da mai bayarwa bai taɓa gani ba. A nan ne maganar amana take shigowa, za mu dawo kanta.

Ana yin irinsa a Najeriya?

Ana yi. Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ita kanta ta yi ciwon ta warke, ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan a 1997, suna kuma shirya sassarfar wayar da kai. A Abuja, gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamnan Kebbi, tana fitar da jama'a tattaki a watan Oktoba. A 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, UICC. Ƙungiyar Project Pink Blue ita ma tana nata tattakin a Abuja don ranar ciwon daji ta duniya, 4 ga Fabrairu. Namu bai kai kwana uku ba, galibi safiya ɗaya ce, kuma an fi ba da ƙarfi ga faɗakarwa da duba mata kyauta.

Me kuɗin zai yi wa mara lafiya?

Nan ne ya kamata ku tsaya ku karanta da kyau, domin wanda bai san hanyar da mara lafiya take bi ba, ba zai san inda gudummawarsa ta fi amfani ba.

Matakin farko likita ya duba da hannu. Sai hoto: ko sikanin, irin na masu juna biyu, ko mamogiram, wato hoton nono na musamman da aka fi yi wa matan da suka kai shekara 40. In an ga abin zargi, sai a tsakuro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin ne kaɗai ke tabbatar da ko daji ne ko ba shi ba ne, kuma shi ke nuna wane iri ne, don ba duka ake yi wa magani ɗaya ba.

Daga nan sai magani. Akwai tiyata, a cire ƙullutun ko nonon gaba ɗaya. Akwai kemo, maganin da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, galibi duk bayan mako uku, sau shida ko takwas. Shi ne ke zubar da gashin kai, amma gashin yana dawowa. Akwai gashi da na'ura, inda ake haska wurin da wani haske mai ƙarfi don kashe ragowar ƙwayoyin ciwon, kwana biyar a mako har tsawon makonni. Wasu kuma za a ɗora su kan ƙwaya irin tamoxifen su yi shekara biyar ko fiye suna sha.

Kowane mataki da kuɗinsa, farashi kuma yana tashi da tashin dala, don haka a asibiti za ku ji na yau. Amma abin da ke karya iyali ba koyaushe ne babban kuɗin ba. Kuɗin Keke Napep zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da dawowa, gwajin jini kafin kowane kemo, abincin mai jinya, ranar kasuwa da aka rasa, su ne ke sa mace ta yi kemo uku ta daina zuwa. In aka tura ta wani gari don gashin na'ura, ga kuɗin mota ga na masauki. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta ƙara dagula lamarin, domin ruwa ya shiga asibitin koyarwar, ya taɓa har sashen masu ciwon daji.

Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, wanda ya fara aiki a 2021 a asibitoci shida. Na arewa maso gabas a cikinsu shi ne asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, akwai kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitinku yadda ake shiga yanzu. Yana rage nauyi, amma ba ya biyan kuɗin mota.

Ra'ayina a nan a fili yake: ajon da ya biya wa mata goma gwajin nama da kuɗin zirga-zirga ya fi wanda ya ƙare a riguna da alluna, komai kyan hotunansa.

Yaya za ku san ba cutarku za a yi ba?

Hausa ta yi hikima da ta ba ciwo da zamba suna ɗaya, cuta. Tsoronku yana da tushe. A 2009 an yi gagarumin taron gidauniya a Abuja don gina cibiyar ciwon daji ta ƙasa da ƙasa, manyan ƙasar nan suka yi alƙawuran maƙudan kuɗi, ginin kuwa ya yi shekaru a tsaye bai karɓi mara lafiya ba.

Ku yi lissafi irin na 'yan kasuwar Monde ta Maiduguri. A ce an sayar da tikiti 200 a kan naira 2,000 kowanne, an samu 400,000. In hayar zaure da kujeru da janareta da lasifika da riguna suka ci 300,000, abin da ya rage wa marasa lafiya 100,000 ne, wato naira 500 cikin kowace 2,000 da kuka bayar. Ba sata aka yi ba, amma an yi ɓarna. Saboda haka kafin ku sa hannu a aljihu, ku tambaya: mawaƙan kyauta za su yi ko biyansu za a yi? Asusun da aka ba ku na ƙungiya ne mai rajista ko na wani mutum? Wane asibiti za a kai kuɗin? Yaushe za a karanta wa jama'a abin da aka samu da abin da aka kashe? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku, ku je asibiti ku biya wa wata da hannunku a ba ku rasit.

In ba ku zuwa wajen kiɗa fa?

Ba dole. Da yawa a garin nan ba sa halartar taron kiɗa, wasu matan kuma ba za su fita titi tattaki ba, kuma ba wanda zai ce sun yi laifi. Walimar mata zalla, gasar ƙwallo ta matasan unguwa, sanarwa bayan sallar Juma'a ko a coci, ko zubin adashe guda da za a keɓe don jinya, duk aiki ɗaya suke yi.

In matasan Lamisula na son shirya nasu?

Ku fara da asibiti kafin ku fara da mawaƙi. Ku nemi likita ko ma'aikaciyar jinya mace da za ta zo ta duba mata a ɗaki mai sirri, ku kuma san inda za a tura wadda aka samu da wani abu. Faɗa wa mace tana da ƙullutu sannan a watse a bar ta da zullumi ba taimako ba ne. Ku sanar da shugabannin unguwa, wato Bulama da Lawan, ku sanar da 'yan sanda, don kowa ya san yadda sha'anin taro yake a Maiduguri. Tattakin ya zama bayan asuba kafin rana ta buɗe, gajere, da ruwan sha. A yi bayani da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, ba Turancin da ke jikin riga ba. Kuma kada a ɗauki hoton mara lafiya ko a ambaci sunanta sai da yardarta.

Ku gayyaci maza da gangan. A gidaje da yawa miji ne ke ba da izinin fita, shi ke ba da kuɗin mota, kuma tsoron abin da zai ce in an cire nono yana cikin abin da ke sa mace ta yi shiru.

Ke kuma da kika ji wani abu a jikinki

Ki san nononki yadda kika san tafin hannunki. Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan al'ada ta ɗauke, ki duba a madubi, ki shafa da tafin yatsu har cikin hammata. Abin da kike nema: ƙullutu, kan nono da ya shige ciki, jini ko ruwa da ke fita ba shayarwa kike ba, fata da ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, gyambon da ya ƙi warkewa. Kada rashin zafi ya ruɗe ki, domin ƙullutun daji a farkonsa galibi ba ya ciwo. Kada kuma tsoro ya kashe miki jiki, domin mafi yawan ƙullutun nono ba daji ba ne. Gwaji ne zai raba gardama.

Za ki ji ana cewa daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu. Ba haka ba ne. Abin da ya sa ake ganin kamar haka, mafi yawan matanmu sai ciwon ya yi nisa, ya kai mataki na uku ko na huɗu, suke isa asibiti, bayan an yi watanni ana shafe-shafe da sakiya, sai a ɗora wa allura laifin jinkiri. A ƙasashe masu arziki, inda ake gano shi da wuri, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da ransu shekara biyar bayan an gano ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a kammala duk gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti.

Ki yi addu'a, ki faɗa wa wadda kika yarda da ita ta raka ki. Kada ki jira Oktoba, kada ki jira a yi ajo. In yau kika ji shi, gobe da safe ki tafi asibiti.