Tufka da Warwara

Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. To, akwai wadda ta fi kifi riƙo da maganar nan, tana kuma cikin hanjin kowa: ƙwayar bakteriya E. coli, wadda likitan yara Bajamushe Theodor Escherich ya gano a 1885. Sai an jera 500 irinta kafin a cike milimita ɗaya. Yawancin danginta lafiya lau muke zaune da su, 'yan kaɗan ne ɗan hakin da ka raina, masu sa gudawa.

Ba ido, ba ƙafa, sai 'yan zarurruka murɗaɗɗu a jikinta. An daɗe ana zaton kaɗa su take yi kamar bulala, sai a 1973 Howard Berg da Robert Anderson suka kawo hujjar cewa juyawa suke kamar farfela. A gindin kowane zare akwai ɗan inji mai juyi wajen sau 100 a daƙiƙa. In injinan suka juya saɓanin hannun agogo, zarurrukan sai su tufke su zama igiya ɗaya, su ingiza ta gaba na kimanin daƙiƙa guda. Da zarar wani inji ya juya baya, tufkar ta warware, ta wuntsila nan take, ta tashi tana fuskantar inda ta sami kanta. A ce wa mutum aikinsa tufka da warwara, an zage shi. Ita kuwa da shi take ci.

Iya ruwa fidda kai, amma ruwan da muke kwankwaɗa, saboda ƙanƙantarta, ya fi mata zuma kauri. Kwalekwale in an daina tuƙi yakan ɗan ƙara gaba. Ita, a lissafin Edward Purcell na 1977, injin na tsayawa ta tsaya cak, ko faɗin ƙwayar zarra ba ta ƙarawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne neman abincinta. Ba ta da sitiyari. Ɗanɗana ruwa take tana gwadawa da na ɗazu, kamar makaho mai bin ƙamshin ƙosai: in daɗi na ƙaruwa ta jinkirta wuntsilawa, in ba haka ba ta sake lale. "Ɗazu" ɗin nan bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma ya ishe ta, don ƙwayoyin ruwa na ta bangazar ta ba fashi. Kafin daƙiƙa 10 sun riga sun karkatar da ita daga hanyar da ta ɗauko.